Ranar da kwamfutata ta daskare da amanar marayu a cikinta

Shekarata goma sha shida ke nan a Zangon Kwatano ina sayar da atamfa da shadda. Shagona ɗan ƙarami ne, ba shi da nisa da Babban Masallacin Zango, amma abin da ke ratsa hannuna ya fi ƙarfin shagon. Kamar yawancinmu a nan, rabin aikina riƙe amana ne. Wani ya turo kuɗi daga Kantin Kwari a saya masa kaya, wani daga Maraɗi ya bar ajiya har jirgi ya iso tashar ruwa, wani ya ɗauki dila biyu bashi sai bayan salla. Da can duk a babban littafi nake rubutawa. Shekara shida da suka wuce babbar 'yata, wadda take karatun boko a nan da Faransanci, ta ce, "Baba, littafin nan wata rana ruwa zai ci shi." Na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, ta zauna ta tsara min jadawali a Excel, kowa da shafinsa. Na ji daɗin abin har na daina taɓa littafi. Kuskurena na farko ke nan.

A watan Oktoban 2025 kwamfutar ta fara nuna wani saƙo kullum na kunna. 'Yata ta karanta ta ce ana sanar da mu ne cewa daga ranar 14 ga Oktoba an daina kula da Windows 10, sai a koma Windows 11. Muka gwada, na'urar ta ce ba ta cika sharaɗi ba, ta tsufa. Da na tsaya a nan na nemi shawara, da ban rubuta wannan labari ba. Sai wani yaro da ke saka wa mutane waƙoƙi da wa'azi a waya ya ce shi ya san hanyar da ake zagaye sharaɗin, jika biyar kawai. Na ba shi. Ya kai ta ya kawo washegari da sabon allo mai kyau, ni kuwa har ina yi wa maƙwabta burga. Ta ƙara nauyi, ta kan ɗauki minti huɗu kafin ta buɗe, amma tana aiki, na ce ai haƙuri maganin zaman duniya.

Wani dare a watan Janairu, na gama lissafi zan kashe, sai ta ce tana sabuntawa, kada a kashe. Batirinta ya daɗe da mutuwa, da wutar bango kawai take rayuwa. Tana kan kashi talatin da wani abu aka ɗauke wuta. Ɗif. Na rufe na tafi gida ban kawo komai a raina ba.

Da safe ta kunna, ta daɗe tana juya ɗigo-ɗigon nan, daga baya ta buɗe. Na shiga jadawali, ban yi minti biyar ba kibiyar linzami ta tsaya cak. Na danna wannan na danna wancan, shiru, sai fanka da ke kuka kamar injin markaɗe. Na danne maɓallin wuta ta mutu, na sake kunnawa. Wannan karon allon ya canza launi, ya nuna wani rubutu, ta kashe kanta ta sake tashi. Haka muka wuni. Na ce bari dai kasuwa ta lafa in kai ta gyara.

Kwana biyu bayan haka baƙo ya yi min sallama bayan la'asar. Ƙanin wani abokin cinikina ne na Maraɗi, wanda Allah Ya yi wa rasuwa makonni kaɗan kafin nan. Ya biyo ta Dosso da Gaya, ya tsallako kogi a kwalekwale zuwa Malanville, tunda gadar a rufe take tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sannan ya yi doguwar tafiyar nan ta Parakou har Kwatano. Bayan mun yi addu'a ya ce, "Alhaji, za a raba gado. Marigayi ya bar 'ya'ya bakwai. Ya sha faɗa mana yana da ajiya a wurinka, amma ba mu ga takarda ba. Abin da ka faɗa shi za mu ɗauka."

Gabana ya faɗi. Tabbas akwai kuɗinsa a hannuna, kuma akwai nawa a kansa. Tun da aka rufe iyaka lissafinmu ya cukurkuɗe: kayan da ya biya suka maƙale, wasu muka sayar a nan da asara, wasu muka zagaya da su ta Najeriya, kuɗin mota ya ninka, wani biyan da sefa wani da naira. A ka, zan iya cewa abin da ya rage nasa yana tsakanin miliyan biyu da miliyan uku na sefa. Amma tsakanin biyu da uku akwai miliyan guda, kuma haƙƙin marayu ne. In na rage na ci wuta, in na ƙara na cuci iyalina. Gaskiyar magana tana cikin wani abu da ba ya yarda ya yi minti biyar a farke.

Na ce masa ya ba ni kwana biyu. Na ga yadda ya dube ni. Bai ce komai ba, mutumin kirki ne, amma ni ma da ni ne a matsayinsa, aka ce min "kwamfuta ta lalace" daidai ranar da na zo karɓar kuɗi, na san abin da zuciya za ta raya min.

Daren nan ban ci tuwo ba. Uwargida ta ce, "Maigida, tun yaushe nake ce maka ka riƙa rubutawa a littafi ko da a taƙaice ne?" Ban da amsa. 'Yata ta ɗauko kwamfutar ta ce, "Baba, kafin a kai wa kowa, ka yi min alƙawari ɗaya: duk wanda ya ce zai goge ya sake zuba mata sabon Windows, kada ka yarda sai mun kwashe abin da ke ciki." Wannan maganar ita ta cece ni, domin mai gyara na farko da muka je wa da safe, ko buɗewa bai yi ba ya ce a wanke ta kawai, awa ɗaya an gama. Muka yi godiya muka hau zemijan muka ƙara gaba.

Na biyun wani matashi ne mai natsuwa, Hausarsa kaɗan-kaɗan, sai 'yata ta riƙa fassara. Zan faɗi abin da ya yi daki-daki, don na san akwai masu irin na'urata da yawa a cikinmu.

Da farko ya cire duk abin da ke jone da ita, har linzami da filas. Ya kunna, da alamar Windows ta bayyana ya danne maɓallin wuta ta mutu. Ya maimaita, a karo na uku sai ta shiga wani shuɗin shafi na gyara da kanta. Daga nan ya zaɓi a tashe ta a yanayin da ake kira sef-mod, wanda a kwamfuta mai Faransanci ake rubuta mode sans échec. Ya bayyana cewa a wannan yanayi na'ura tana tashi da abin da ya zama dole kawai, kamar mota da aka sauke wa kaya don a ji ko inji ne ke ciwo ko lodi ne ya yi yawa. A nan ba ta daskare ba. Kafin ya taɓa komai ya saka filas ya kwafe jadawalina duka, ya buɗe a tasa kwamfutar ya nuna min shafin marigayi da idona. Wallahi sai da na zauna a benci, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

Bayan haka ne ya shiga neman cutar. Ya ce tunda ta zauna lafiya a sef-mod, akwai wani abu da ke tashi tare da ita a yanayin yau da kullum da ke shaƙe ta. Ya shiga tarihin sabuntawa ya cire ta ƙarshe, wadda ɗauke wuta ya katse. Ya buɗe baƙin allon umarni ya rubuta sfc /scannow, wanda ke bincika fayilolin Windows ya gyara waɗanda suka lalace, ya kuwa samu wasu. Ya duba direban allo, wato 'yar manhajar da ke haɗa Windows da na'urar nuna hoto, ya tarar tsohuwa ce tun zamanin Windows 10, ya canza ta. Ya ce da a ce cikin kwana goma na farko bayan an ɗora Windows 11 muka zo, da akwai maɓallin komawa tsohon tsari kai tsaye, amma wannan ƙofa ta riga ta rufe.

Da ya tashe ta yadda aka saba, allon nan mai kashe ta bai dawo ba, amma nauyin yana nan. Ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, wani shafi ya fito mai nuna abin da ke cin ƙarfin na'ura. Faifan ajiya yana kan kashi ɗari bisa ɗari ba sauka, ram kuma giga 4 ne kacal, wanda shi ne mafi ƙanƙantar abin da Windows 11 ke karɓa, kuma ya kusa cika tun ba a buɗe komai ba. Faifan irin tsoho ne mai juyawa, ya kara kunnena na ji yana ƙas-ƙas. Wurin da ya rage a cikinsa bai kai giga uku ba, saboda na cika shi da bidiyon biki da hotunan kaya na WhatsApp. Da ya kwance bayanta kuwa, abin da ya fito daga fanka kamar audugar katifa: ƙurar hunturu da zaren atamfa sun haɗu da danshin teku sun toshe hanyar iska. Ya ce, "Alhaji, sabuntawa ba ta kashe na'urarka ba. Jaki ne da ya tsufa, ba ya cin abinci, aka ƙara masa buhu, aka kuma tuntsurar da shi a tsakiyar hanya."

Ya sa sabon faifai irin SSD wanda ba ya juyawa, ya ƙara ram zuwa giga 8, ya share ƙura, na sayi batir. Duka ya ci min kusan jika sittin. Ya kuma faɗa min gaskiyar da yaron farko bai faɗa ba: na'urar da aka ɗora wa Windows 11 ta bayan gida ba ta da tabbacin samun sabuntawa yadda ya kamata, don haka in fara tara kuɗin wadda ta cika sharaɗi. Ya nuna wa 'yata inda ake dakatar da sabuntawa na 'yan makonni, ya ce manyan sabuntawar tsaro suna fitowa ne Talata ta biyu a kowane wata, mu zaɓi ranar da akwai wuta kuma ba mu cikin hada-hada mu bar ta ta gama. Ya ja kunnenmu kada mu kashe sabuntawa gaba ɗaya, domin ita ce ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke shigowa. Ya ƙara da cewa sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle faifansu da wani makulli mai lamba 48, duk mai irin wannan ya nemi lambar ya rubuta ya adana, in ba haka ba ranar da na'ura ta ƙi tashi ko mai gyara ba zai iya ciro komai ba.

Da daddare muka zauna da baƙona a shago, 'yata tana karanto shafin layi-layi, shi yana duba saƙonnin da ke cikin wayar marigayi da ya zo da ita. Kwanan wata ya dace, adadi ya dace. Abin da ya rage na marayu ya kama sefa miliyan biyu da dubu ɗari takwas da arba'in. Ni da a ka ne, da miliyan biyu da rabi zan ce, kuma da zuciya ɗaya zan faɗa. Jika ɗari uku da arba'in na marayu da sun zauna a aljihuna ban sani ba. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna tsigar jikina ke tashi. Muka buga shafin a takarda, na sa hannu, ya sa hannu, maƙwabta biyu suka shaida. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, ka yafe min, jiya na yi maka wani zato." Na ce ni ya kamata in nemi gafara, ni na ajiye amanar mutane a wuri ɗaya tak.

Tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa shaidu. Na ɗauka tunda na rubuta a kwamfuta na sauke nauyi. Ban yi tunanin cewa rubutun da ni kaɗai na san inda yake, a cikin na'urar da ni kaɗai na san lambar buɗe ta, zai iya bin ni kabari ba. Marigayi bai san ranarsa ba, ni ma ban san tawa ba.

Yanzu ga yadda muke yi a gidana. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci 'yata tana kwafe jadawalin a filas biyu, ɗaya a shago ɗaya a akwatin uwargida, ta kuma tura kwafi zuwa imel. Duk ƙarshen wata muna buga jimillar kowane mutum a takarda, in ɗauki hoton nasa in tura masa, don in akwai saɓani a warware tun muna raye mu biyu. Uwargida ta san lambar buɗe kwamfuta. Babban littafin nan da na yi wa ritaya ya dawo kan tebur, ina rubuta suna da adadi da kwanan wata kawai. Kuma duk ranar da na ga saƙon sabuntawa, sai na tabbatar an kwafe komai kuma batir a cike yake kafin in danna.

'Yan uwana na Zangon Lome, da Akara, da Kumasi, da Abijan, na san da yawanmu lissafin shekaru yana cikin tsohuwar na'ura ɗaya ko waya ɗaya. Kafin ka kwanta yau, tambayi kanka: in wannan abu ya ƙi tashi gobe da safe, kuma wani ya yi sallama yana neman haƙƙinsa, me za ka nuna masa? Filas ba ya wuce kuɗin cefanen kwana ɗaya ko biyu. Allah Ya jiƙan abokina, Ya raya abin da ya bari, Ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu.