Igiyar Bayan Rumbu

A wani ƙauye kusa da Mirriya akwai wata tsohuwa, kowa Inna yake ce mata. Ran da aka kai ta ɗakin miji, uwarta ta ba ta fatari biyu na saƙi. Audugar gonarsu ce. Uwar ta kaɗa zare, masaƙi ya saƙa. Fatarin nan yana shan zufa, kuma iska tana ratsa shi.

A shekarar 1994 aka karya darajar sefa. Yadi ya yi tsada, mata da yawa suka koma ga gwanjo. Yanzu a Kasuwar Dole ta Damagaram ana tula shimi da ɗan kamfai na yadin leda, ga santsi ga araha.

Matar ɗan Inna ta sayo irinsu, ta sa ba ta wanke ba. Daga baya, in ta wanke, sai ta rataya a ƙuryar ɗaki don kunyar surukai. Ga damina. Da safe ta mayar da su jikinta da danshinsu. Leda tana riƙe zufa, danshi kuwa yana kawo ƙaiƙayi da ƙuraje.

Yarinyar ta yi shiru har wata biyu. Ta kasa noman gayaunarta, gyaɗarta ta cika da ciyawa. Inna ta lura da tafiyarta.

"Ƴar nan, me ke damunki?"

"Ba komi, Inna."

"Ni ma mace ce. Faɗa mini."

Sai ta fashe da kuka, ta faɗa. Inna ta kira ɗanta ta ce: "Sayar da tiya uku ta wake, ka kai ta likita. Kar ka tambaye ta komi."

Ungozoma ta ba ta magani, ta kuma yi mata gargaɗi uku. Ta riƙa sa na auduga. Kayan gwanjo, a wanke da ruwan zafi da sabulu kafin a sa. Kayan ciki kuma, a shanya su a rana har su bushe ƙarau.

Da suka komo, Inna ta ɗaura igiya bayan rumbu, ta kewaye da zana. Fatarinta ta fara shanyawa, don yarinyar ta gani.

Maƙwabta uku sun riga sun ɗaura tasu. Maigida, igiya da zana ba su kai kuɗin magani ba.