Ranar Da Na Yi Wa Malam Ƙarya Saboda Kakata



Wata Laraba cikin daminar da ta wuce na iso makaranta har an shiga darasi na biyu. Malamin da ke bakin ƙofa ya tambaye ni dalili, na ce masa barci ne ya kwashe ni. Ƙarya na yi, kuma yau nake so in gyara ta.

Gaskiyar ita ce tun da asuba muke neman kakata. Mun tashi sallah muka tarar da ƙofar gida a buɗe, tabarmarta babu kowa. Ni da Baba da maƙwabta muka bazu cikin gari. Sai da rana ta fito wani ɗan acaba ya gan ta kusa da tasha, da ƙullin kaya a ka, takalmi ƙafa ɗaya. Ta ce gida za ta, Malam ya kusa dawowa daga gona ba ta ɗora tuwo ba. Malam ɗin nan, kakana ne, ya rasu tun ina firamare. Gidan kuma yana ƙauyenmu na wajen Faskari, wanda muka baro saboda 'yan bindiga, kamar yadda iyalai da yawa suka baro ƙauyukansu a Faskari da Sabuwa da nan Ƙanƙara.

Da can Inna, haka muke kiranta, ita ce mai tuna wa kowa abu. Ta san shekarar da aka haifi kowane jika da abin da aka noma a shekarar. Ni kuwa "Maigida" take ce mini, ta ce ban kawo kuɗin cefane ba, ni ma in ce na sake ta, a yi ta dariya. Abin ya fara ne da kaɗan-kaɗan. Ta ajiye goro ta ce an sace. Ta ci abinci ta ce tun jiya ba a ba ta komai ba. Ta yi sallar azahar sau uku. Ranar da ta dube ni ta ce, "Yaro, ɗan gidan wa ne kai?" na shiga bayan ɗaki na yi kuka.

Abin da ya fi ciwo shi ne bakin mutane. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce asiri. Wata rana yara suka biyo ta suna ihun mayya, har da jifa. Cikin yaran akwai masu kayan makaranta. Wannan ne ya sa na ji kunyar faɗa wa malam gaskiya.

Da aka kai ta asibiti, likita ya ce gigin tsufa ne, kuma cuta ce ta ƙwaƙwalwa kamar yadda ciwon suga yake cuta. Ya ce ba kowane tsoho ke kamuwa da ita ba, kuma hawan jinin da Inna ta daɗe da shi ba tare da magani ba yana cikin abubuwan da ke jawo ta. Ya ce babu maganin da ke warkar da ita, amma kulawa tana rage wahala. Ya ƙara da cewa akwai mantuwar da wata cuta daban ke kawowa, wadda ake iya magancewa, don haka a riƙa kai tsoho asibiti da wuri. Daga baya na karanta cewa wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana nau'in da ya fi yawa a 1906, shi ya sa ake kiran nau'in da sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 55 ke fama da gigin tsufa, kuma fiye da rabinsu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu suke. Malaminmu na Islamiyya ma ya nuna mini cewa an ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70, ya kuma ce wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da laifi, mu daina yi mata gardama kan sallah.

Amma akwai wadda ba a tambayar lafiyarta, ita ce mahaifiyata. Umma tana soya ƙuli-ƙuli da fitar da man gyaɗa, da ribar ake saya mana littafi da omo. Yanzu ta daina, don ba a barin Inna kusa da wuta. Ita ke yi mata wanka, ta wanke shimfiɗa, ta ba ta abinci a baki, ta kwana a bakin ƙofa da mukulli ɗaure a haɓar zane. Biki da suna duk ta daina zuwa. Wani lokaci Inna ta zage ta, ta ce ɓarauniya ce. Ƙanwata kan rasa makaranta idan Umma ta tafi asibiti. Da na tambayi Umma me ta fi buƙata, ba ta ce kuɗi ba. Cewa ta yi, "A samu mai zama da ita ko na wuni ɗaya a mako, in yi barci."

A wasu ƙasashe ƙungiyoyin sa-kai ke yin wannan aiki. A Ingila akwai ƙungiyar Alzheimer's Society tun 1979, tana tara gudummawa tana taimakon masu jinya. A Japan tun 2005 ake koya wa jama'a, har da 'yan makaranta, yadda za su gane tsohon da ya ruɗe su taimake shi. A Najeriya ma akwai cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a Abuja. Amma masu ba da tallafi ba sa miƙa kuɗi ga mutum ɗaya. Suna neman ƙungiya mai rajista, mai asusun banki, mai jerin gidajen da za a taimaka, mai iya rubuta abin da ta kashe. Mu nan muna da ƙungiyoyin matasa da na marayu da 'yan agaji, muna da adashi da zakka da wakafi. Ina roƙon wata daga cikinsu ta ɗauki wannan aiki. Ba kuɗi mai yawa ake nema ba: na'urar awon jini a unguwa, kuɗin mota zuwa Funtua ko Katsina ganin likita, leda da sabulu, da ɗan alawus ga matan da za su riƙa karɓar masu jinya.

Mu ɗalibai kuma akwai abin da ba ya buƙatar ko sisi. In ka ga tsoho yana yawo a ruɗe, ka yi masa sallama, ka yi magana a hankali, ka raka shi gida ko wurin mai unguwa. In ya kira ka da sunan wani, ka amsa. In ka ga yara suna tsokanarsa, ka hana. Ranar 21 ga Satumba ce ranar tunawa da wannan cuta a duniya. Ina ba ƙungiyarmu ta 'yan jarida shawara mu gayyato ma'aikacin lafiya ya yi mana bayani a wurin taron safe. Malamai kuma, idan ɗalibi ya yawaita latti ko gyangyaɗi, don Allah a ja shi gefe a tambaye shi halin gida.

Yanzu Umma ta ɗinka wa Inna lambar wayar Baba a gefen mayafi, 'yan acaban unguwarmu duk sun san ta. Da yamma nakan zauna in sa ta ba ni labarin ƙauye, don abin da ya daɗe bai ɓace mata ba. Shekaranjiya tana tsakiyar labari ta tsaya ta ce, "Maigida, ina kuɗin cefane?" Na ba ta naira hamsin ɗin tarata, ta ƙulle a zane.

Malam, a gafarce ni. Allah ya ba Inna da sauran tsofaffinmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.

Daga wani ɗalibin aji biyar, ɗan ƙungiyar 'yan jarida.