Farar ƙasa a hanyar Riruwai

Da sassafe muka bar Kano, mu 'yan ajin ƙarshe, za mu ga madatsar ruwa ta Tiga a Bebeji, wadda aka kammala a 1974, sannan mu ratsa dajin Falgore zuwa Riruwai ta Doguwa, garin haƙar kuza. Duk mun gani. Amma abin da ya fi tsaya mana a rai ɗan ƙulli ne a leda.

Muna isa Kwanar Dangora a ƙasar Kiru, zuciyar wata ƙawarmu ta fara tashi, direba ya tsaya. Wata dattijuwa mai sayar da kanwa da daddawa ta dube ta, ta gutsuro farar ƙasa ta miƙa mata.

"Ungo 'yar nan, tsotsa. Ita masu laulayi suke ci."

"Iya, ƙasa fa?"

"Kakarki ma ta ci."

Ta tsotsa, ta ce ƙamshinta kamar na ruwan farko in ya sauka, kuma ta ji sauƙi. Ƙasar ce, ko iskar da ta sha a waje? Gardamar da muka yi ke nan har Tudun Wada, inda malamarmu ta kimiyya ta sa baki.

Ta ce kada mu raina tsohuwar. Farar ƙasa laka ce mai laushi, irin wadda ake haƙowa a Ƙanƙara ta Jihar Katsina. Tana lulluɓe bangon ciki, shi ya sa Turawa ma sun daɗe suna sa ta a maganin gudawa. Sai dai ba ta zaɓe. Tana riƙe sinadarin ƙarfen da ke cikin abinci, wanda jiki ke yin jini da shi. Ta kasuwa kuma ba a tace ta ba, tana iya zuwa da ƙwan tsutsar ciki ko dalma, gubar da ta kashe yara a Zamfara a 2010. Yawan kwaɗayinta ma yakan zama alamar ƙarancin jini.

Nan wata daga kujerar baya ta yi tsit. Ashe yayarta na da ciki wata bakwai, kullum sai ta ci ƙulli guda, kuma an ce mata a wajen awo jininta ya yi ƙasa. Muna shiga Falgore, kowa na leƙen birai ta taga, ita kuwa ta ari wayar malama tana neman sabis.