IDON KYAMARA DA TSAGEWAR BANGO

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, amma yaushe bangon ya fara tsagewa? Idon mutum ba ya ganin tsaga sai ta riga ta buɗe baki. Wannan tambaya ce ta ja ni, ni ɗan ƙasar Gumel, ga karatun yadda ake auna ginin kankare da kyamara sa'ad da girgizar ƙasa ke jijjiga shi.

Ga yadda abin yake. Ana shafa wa ginshiƙi ko bango farin fenti, a yayyafa masa baƙaƙen ɗigo kamar zanen zabuwa. Sai a kafa kyamara biyu su yi ta ɗaukar hoto, da yawa cikin daƙiƙa guda, alhali ana girgiza ginin. Kwamfuta kuma ta bi ɗigon nan daga hoto zuwa hoto, ta faɗi inda kowane yanki ya gusa, ko da bai kai milimita ɗaya ba. Masana a Jami'ar Karolina ta Kudu a Amurka ne suka yi fice wajen ƙago dabarar a farkon shekarun 1980. Tsohuwar hanya ita ce a manna 'yar na'ura a jikin kankare; wurin da aka manna ta kaɗai take aunawa, in kuwa tsaga ta bi ta kanta, shi ke nan. Kyamara ba ta taɓa gini, ga shi tana ganin fuskarsa duka.

Girgizar ma ƙirƙirarta ake yi. Bayan ta Kobe a 1995, wadda ta hallaka mutum fiye da 6,000, Japanawa sun gina wani dandamali a garin Miki, mita 20 a tsawo, 15 a faɗi, aka buɗe shi a 2005. Yana ɗaukar gini mai nauyin tan 1,200, ya jijjiga shi yadda ƙasa ta yi a Kobe.

Abokaina kan yi mini dariya, su ce, "Malam, wa ya taɓa jin girgizar ƙasa a Maigatari?" Gaskiya ne, ƙasarmu lafiyayya ce. Amma ƙasa ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, ta kuma motsa a Mpape ta Abuja a 2018. Ban da haka, darasin da gwajin nan ya bayar ya fi ƙarfin girgiza. Ya nuna ɓarna kan taru ne a gindin ginshiƙi da mahaɗarsa da gungumen da ke ɗauke da rufi. Ginshiƙin da aka ɗaure rodinsa da zobba kusa da juna yakan tanƙwara, ya tsattsage, ya ba mutane damar fita. Wanda aka yi wa rowar zobba kuwa, farat ɗaya yake karyewa.

Ku dubi Maigatari. Ga yankin ciniki maras haraji a bakin iyakar Nijar, ga kasuwar dabbobi ta ran Alhamis, ga manyan motoci dare da rana. Daga Gagarawa har Sule Tankarkar bulo da siminti na ta maye gurbin tubali, a kan ƙasa mai rairayi. Kowane ɗakin ajiya da shagon bene rayukan mutane ne a ƙarƙashinsa.

Ba mu da dandamalin Japanawa, amma ɗakunan gwaji na sashen injiniya suna da injin danne kankare, fenti da kyamara kuwa ba su gagare mu ba. Burina shi ne mu zuba ginshiƙi biyu, ɗaya da zobba a matse, ɗaya a warwatse, mu danne su a gaban kyamara, sa'an nan mu kai hotunan ga magina da masu gini, mu yi musu bayani da Hausa. Mai ginin da ya ga bambancin da idonsa zai yi tunani kafin ya ce wa birkila ya rage rodi. Gani ya kori ji.

Allah ya tsare mu da rushewar gini, amin.