Zagamiite: sunan ƙauyen Hausa a ƙamus ɗin ma'adinai

A cikin dubban sunayen da masana ma'adinai suka amince da su, akwai guda da tushensa Hausa ne, ko da yake ba a cika jin sa a bakin Bahaushe ba. Ana rubuta shi zagamiite. Ni ɗalibin harshe ne, don haka ginin kalmar ya fi jan hankalina, amma ginin ba ya fahimtuwa sai an san abin da aka raɗa wa sunan.

Ran 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo kusan 18 ya faɗo daga sama a wata gona kusa da Zagami, a ƙasar Katsina. Daga baya bincike ya tabbatar cewa ɓallin duniyar Mars ne. Al'adar masana ita ce su kira irin wannan dutse da sunan wurin da ya faɗo, shi ya sa ya zama Zagami. To, a nan ya kamata a rarrabe: Zagami sunan dutsen ne gaba ɗaya, zagamiite kuwa ma'adini ne guda da aka gano a cikinsa, haɗin kalsiyam da alminiyam da silikon da oksijin. Ya samu ne lokacin da wani abu ya daki Mars da ƙarfi, matsi da zafi suka narkar da ƴan gurabe a jikin dutsen, sabon ma'adini ya daskare a ciki. Ƙwayoyinsa sun yi ƙanƙantar da ido ba ya ganin su, sai da na'urar hangen ƙananan abubuwa. Wanda ya kira dutsen kansa zagamiite ya yi kamar mai kiran miya gishiri.

Ɗafin -ite da ke ƙarshen kalmar daga Girkanci ya fito, kuma aikinsa na asali danganta abu ne ga wani abu ko ga wani wuri. Hematite, alal misali, dutse ne da aka danganta ga jini saboda jan garinsa. Wannan aiki Hausa ta san shi sarai, shi ne na ba- a cikin Bakatsine da Bagobiri da Ba'adare. Da za a bi ma'ana zalla, da sai mu ce bazagame. Kalmar tana da daɗi a baki, sai dai duk mai jin ta zai zaci mutum ake nufi, kuma ɗalibin da ya haddace ta ba zai same ta a littafin kimiyya na kowane harshe ba.

Saura aro, kuma a nan iyaka take shigowa. Ɗalibin Maraɗi ko Damagaram, da ya yi karatu da Faransanci, zai ƙare kalmar da -it. Takwaransa na Katsina, da ya yi da Ingilishi, zai ƙare ta da -ayit. Idan kowa ya rubuta abin da kunnensa ya ji, sunan ƙauye ɗaya zai dawo gida da fuska biyu, mai bincike a intanet ya rasa rabin abin da aka rubuta.

Ra'ayina shi ne mu rubuta zagami'it. Hausa ba ta barin wasula biyu na gaɓoɓi daban su haɗu ba tare da hamza ba, kamar yadda muke gani a sana'a da jami'a, don haka hamzar tana bisa ƙa'ida. Sunan Zagami ya fito cikakke, ba a gutsure masa wasali ba. Siffar kuma ta yi kusa da rubutun da masana ke amfani da shi, har mai neman ƙarin bayani ya gane hanya. In aka yarda da wannan, ɗafin -it zai yi mana aiki a hematit da sauran danginsa, ba sai an yi gardama a kan kowace kalma ba.

Na san wani zai ce kalmar da ba ta shiga kasuwa ba ta cancanci wannan wahala ba. Amma ranar da za a rubuta littafin kimiyyar ƙasa da Hausa, marubucinsa zai buƙaci ƙa'ida, kuma ɗaliban harshe na Nijar da Najeriya ne ya kamata su tanadar masa ita tun yanzu.