Daga Madina Zuwa Makka: Tafiyar da Ta Karantar da Ni Sira

Jirginmu ya tashi daga Kano da daddare, muka sauka Madina gab da asuba. Malamin da ke jagorantar tawagarmu ta Umara ya ce mana tun a mota: "Kada ku yi ziyara da ido kawai. Duk ibadar da kuke yi a gida, akwai wurin da ta faro, akwai kuma waɗanda suka sha wuya a kanta."

Bayan mun yi sallama ga Manzon Allah (SAW) da sahabbansa biyu, Abubakar da Umar, sai aka kai mu Ƙuba. Nan Annabi (SAW) ya fara sauka a shekarar 622, bayan shekara 13 yana kira ga tauhidi a Makka cikin tsangwama, kuma nan aka gina masallacin farko a Musulunci, shi da kansa yana ɗaukar duwatsu. Daga wannan shekara ce Halifa Umar ya sa aka fara ƙirgen kalandar Hijira. Na yi raka'a biyu ina tunanin mutanen da suka bar gidajensu da dukiyarsu, amma da isowarsu wurin salla suka fara ginawa.

A masallacin Ƙiblataini Malam ya tsayar da mu. Wata 16 ko 17 Musulmi suka yi a Madina suna fuskantar Baitul Maƙdis, sai umarni ya sauko a juya zuwa Ka'aba, masallata suka juya suna tsakiyar salla, ba wanda ya ce a bari a sallame tukuna. A wannan shekara ta biyu bayan Hijira aka wajabta azumin Ramadan, a cikinta kuma aka yi yaƙin Badar.

Uhudu ne ya fi girgiza ni. Akwai wani ɗan tudu a gaban dutsen, inda Annabi (SAW) ya ajiye maharba 50 a shekarar 625, ya ce kada su sauka ko an ci nasara ko an sha kashi. Da suka ga maƙiya sun juya baya, yawancinsu suka gangaro ɗibar ganima. Khalid bin Walid, wanda bai musulunta ba a lokacin, ya zagayo da dawakai ta bayansu. Sahabbai kusan 70 suka yi shahada, har da Sayyidina Hamza da Mus'ab bin Umair. Wata dattijuwa a cikinmu ta dubi tudun, ta ce, "Allah gafarta Malam, wannan ɗan tudun ne duka?" Ya ce, "Shi ne, Hajiya. Umarni ɗaya aka saɓa a kansa." Ta kama hawaye, mu ma muka kasa magana. Tsakanin Ƙiblataini da Uhudu tafiyar mintuna ce, amma a can na ga sakamakon biyayya, a nan na ga na saɓo.

Ranar tafiya Makka muka ɗaura harami a Zulhulaifa, wurin da ake kira Abyar Ali. Mayafi biyu farare suka shafe bambancin ɗan kasuwa da malamin makaranta a cikinmu. Motar ta ɗauki hanya da talbiyya, sama da kilomita 400 cikin duwatsu baƙaƙe da rairayi. Wannan nisan Annabi (SAW) da Abubakar suka ratsa a kan raƙuma lokacin Hijira, bayan kwana uku a ɓoye cikin kogon Saur. Na tuna kakanninmu da suka riƙa tahowa a ƙasa ta Barno da Chadi da Sudan, suna noma da ƙodago a hanya har su tara kuɗin tsallaka Bahar Maliya. Wasu shekaru suka ɗauka, wasu ba su koma ba, jikokinsu na cikin Hausawan Sudan na yau.

Da na ga Ka'aba, addu'o'in da na tanada duk suka gudu daga bakina. Ɗakin da Annabi Ibrahim da ɗansa Isma'il suka ɗaga gininsa ke nan, wanda aka kewaye da gumaka 360 har zuwa buɗe Makka a 630. Na yi ɗawafi bakwai kafaɗa da kafaɗa da mutumin Indonesiya da na Turkiyya. Ba na jin harshensu, amma Ubangiji ɗaya muke kira. A Safa da Marwa kuwa sawun uwa muka bi, Nana Hajara, wadda ta dogara ga Allah kuma ta tashi tana kai da komo neman ruwa har Zamzam ya ɓuɓɓugo.

Bayan aski, muka je gindin Dutsen Nur. A kogon Hira da ke samansa Mala'ika Jibrilu ya zo da ayoyin farko a 610, Alƙur'ani ya ci gaba da sauka har shekara 23. Daga nan sai Arfa, wadda muka tarar fayau domin ba lokacin Hajji ba ne. A wannan fili aka yi huɗubar ban kwana a 632, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne yawancinta a kan zaman mutane take: jinin Musulmi da dukiyarsa haramun ne, an soke riba, an soke ramuwar gayya ta jahiliyya, a riƙe amana, a kyautata wa mata.

Wannan huɗuba ba a filin Arfa ake aiki da ita ba. A kasuwanninmu ne, da kotunanmu, da ɗakunan aurenmu. Mutanen da suka juya alƙibla suna tsakiyar salla ba su bar mana uzurin jinkirta ta ba. Allah Ya karɓa mana, Ya kai waɗanda ba su je ba, Ya ba mu ikon riƙe abin da muka gano.