Waƙar da ke In'ina

Mu da muka tashi da kaset, mun san waƙa ba ta tsayawa sai zare ya tsinke ko batir ya mutu. Yau kuwa Shata na tsaka da wasa wani gwarzo a wayarmu, sai ya yi tsit, wata 'yar da'ira ta hau juyawa.

Waya ba ta karɓar waƙa dunƙule. Guntu-guntu take tarawa a ɗan rumbunta, tana kunnawa. In abin da ke shigowa ya gaza wanda ke fita, rumbun ya ƙare. Bayan magariba abin ya fi tsanani, don unguwa duka ta hau kan eriya ɗaya.

Dole ta koya mana dabara. Mukan rage ingancin sauti a manhaja: a 128kbps, minti ɗaya na cin kusan megabait guda, a 320 kuwa ya haura biyu. Mukan bar bidiyo mu saurari sauti zalla, mu hana sauran manhajoji sabunta kansu. Waƙoƙin da muka fi so, mukan sauke su da tsakar dare, lokacin da layi ya sarara.

Ba ƙwalisa ba ce. Baitin da ya yanke kafin 'yan amshi su karɓa, rabin ma'anarsa ya tafi.